Bahagon Ɗinki

Idan na sauko daga aikin dare,
warin asibiti bai bar hannuna ba tukuna,
nakan tsaya a Ƙofar Sauri in sayi ƙosai,
in shige ɗaki, in jawo ɗan littafin nan
mai yagaggen bango, mai tabon manja a shafi na tara.

A cikinsa akwai wata tsohuwa, Inna Tabawa,
mai ɗinkin hula a bakin zaure.
An tsinci attajirin unguwa ba rai a kan buzunsa,
'yan sanda suna ta kai-komo da manyan takalma,
ita kuwa ta tsinke zare da haƙori,
ta ce: wannan ƙullin ba na matarsa ba ne.
Kafin shayi ya huce an kama mai laifi.

Yaya Sada, da yake malamin jami'a ne,
ya ɗaga littafin da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.
"Kunu ba gardi," in ji shi.
Na yi shiru.
Shi bai taɓa rufe idon yaro da asuba ba,
uwar tana riƙe da rigarka tana tambayar me ya faru,
kai kuma bakinka ya bushe.
A littafin nan kowace mutuwa da dalilinta,
dalilin da sunansa,
sunan yana jira a shafin ƙarshe.
A bar ni da shi, ko na awa ɗaya.

Wata bakwai ke nan da rasuwar Iya.
Faifanta da ba ta gama ba yana rataye bayan ƙyaure,
basilla a soke inda hannunta ya tsaya.
Ranar Talata ina shara na ɗaga kai,
sai na ga ya ƙaru da zagaye biyu.

Ban yi ihu ba. Na zauna kamar Inna Tabawa,
na ɗora shi a cinya, na fara ƙidaya mutane.
Hansatu tana makaranta, sai hutu.
Barira maƙwabciya ɗinkinta a matse yake kamar haƙoran masara,
wannan kuwa sako-sako ne, iska na ratsa shi.
Ya karkata hagu.
An sa jar kaba inda kore ya kamata ya biyo.

Wa ke murɗa rediyo da hagu a gidan nan?
Wa ya taɓa sayo wa Iya jan zane
yana rantsuwa kore ne, aka yi shekara ana dariya?
Wa ya roƙe ni filasta shekaranjiya
ya ce ƙofa ce ta datse masa babban yatsan dama?

Baba. Shekara saba'in da ɗaya,
tsohon direban ma'aikatar ruwa,
wanda ko maɓalli bai taɓa ɗinkewa ba.
Shekara arba'in yana zaune gefen tabarma
yana sauraren labaran duniya, a ganinmu.
Ashe hannunta yake kallo.

A littafi, nan ne ake tara kowa a tsakar gida,
a nuna mai laifi da yatsa, a sha shayi.
Ni dai na mayar da faifan kan ƙusarsa.
Da la'asar na shiga Babbar Kasuwa na sayo kaba,
na ƙulle bakin jar, na bar koren a sake,
don yatsa ya gane abin da ido ya kasa.

Da dare ina kwance, saura shafi shida in gama,
na ji ƙyauren ya yi ƙara a hankali.
Na kife littafin a ƙirji,
na kashe fitila don kada ya san ina farke.