Iri a Kan Dutse

Kakana, tun kafin a kira shi Barnaba,
yaro ne mai kiwon awaki a Tula Baule,
tafin ƙafarsa kamar ƙahon rago don hawan dutse.
A bakin fataken gishiri ya tsinci Hausa,
shi ya sa Bature ya ɗauke shi tafinta,
ladansa riga guda da gwangwani mai murfi.

Da jaki biyu Baturen ya hawo, da akwatin littattafai.
Aka sa masa suna Jan Kunne,
don rana ta fi son kunnuwansa da sauran jikinsa.
Kowace yamma a gindin ɗorawa
magana takan taso daga wata ƙasa mai nisa,
ta kwana a Turanci,
ta ya da zango a gurguwar Hausarsa,
sannan ta iso bakin kakana
da kaushi a ƙafa.

Ran nan labarin wani manomi ne.
Ya watsa iri, wani tsuntsu ya tsince,
wani ƙaya ta shaƙe,
wani ya faɗa kan dutse, ya tsiro, ya ƙone.
Jan Kunne ya ɗaga yatsa:
kada zuciyarku ta zama dutse.

Sai tsohuwa Yelmi ta cire lofe daga baki.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
Ta ce, tambaye shi,
wannan manomin ɗan wane gida ne?
Wa ya koya masa shuka kamar mai ba kaji tsaba?

Kakana ya haɗiye yawu, ya tuna rigarsa.
Ya ce, ranka ya daɗe, ta ce ta gode.
Bature ya ce, yaro, godiya ba ta sa tari.

Da safe ta ja shi gangare, ba ta jira tafinta ba.
Ta nuna masa duwatsun da aka jera, hawa kan hawa,
tun kakannin kakanninta.
Ta nuna ƙasar da ke bayansu,
ta nuna kwando, ta nuna wuyanta,
ta damƙo kashin awaki ta zuba masa a hannu.
Dawa na tsaye a kansu, ta fi shi tsawo.
Kakana ya ce tun da yake bai taɓa ganin
wa'azi ba baki sai ranar.

Baturen ya zauna kan dutse ya yi ta rubutu.
Ban san abin da ya rubuta ba.

Damina ta uku zazzaɓi ya ɗauke ’yarsa,
ƙarama, ko yaye ba a yi ba.
Maza suka sari ƙasa, diga ta dawo da ƙara.
Taƙi biyu, sai dutse.
Uwar tana tsaye da zane a hannu, ba hawaye,
ba ta da kalmar da za ta roƙi komai.

Yelmi ce ta fara sauka kwari da kwando.
Mata suka bi ta, ba wanda ya aike su.
Har faɗuwar rana suna hawowa,
ƙasa na zubo musu a gadon baya,
maza na jera duwatsu, hawa kan hawa,
yadda ake yi wa abin da ake so ya zauna.

Ba ta taɓa shiga ruwan baftisma ba.
Lahadi takan zauna a ƙofar majami'a da lofenta,
in kakana ya karkata magana
sai ta yi gyaran murya.

Yanzu ni nake karatu a gaban jama'a, a Gombe,
da lasifika da fanka a kaina.
Duk shekarar da labarin manomin ya zagayo,
in na iso wurin dutsen nan
sai in ɗan tsaya.
Mutane na zaton layi ne ya ɓace mini.

Tari nake jira.