Ruwa a Kan Kwano

Jiya bayan la'asar Issaka ya turo mini sabon faifansu,
na uku ke nan.
Ya ce, Baba Tanko, saurara, ka gaya mini gaskiya.
Na ture rediyon da nake gyarawa,
na cire ƙarfen dalma daga wuta,
na toshe kunne, na juya wa titin Aboabo baya.

Sauti fes, kamar an bi shi da dutsen guga.
Gangar Lariba tana sauka a kan ƙa'ida,
ba ta riga kowa, ba ta jiran kowa.
Jitar Ofori har sheƙi take yi.
An ce a Akkara suka yi aikin,
cikin ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso
don kada ko tarin mai wucewa ya shigo.

Ni kuwa na san na fari.
A bayan shagon nan aka haife shi,
ɗaki ɗaya, rufin kwano, benci mai ƙafa uku,
da lasifikar da na haɗa musu
daga gawar rediyo biyu da wata tsohuwar talabijin.
A waƙa ta biyu ruwa ya kece,
ba su da kuɗin sakewa,
sai suka bar shi ya zama na biyar ɗinsu.
A ta huɗu akwai zakaran Maame Serwaa,
ya shigo a makare, kuma bai ba da haƙuri ba.
A ta ƙarshe aka ɗauke wuta,
Issaka ya ci gaba cikin duhu
da murya mai rawa, irin ta mai bin bashi a gidan surukai.

Na biyun ban so shi ba, na kuma faɗa musu.
Shekarar da Mumuni ya sayar da jitarsa ke nan
ya bi hanyar Agadas.
Ihu suka yi ta yi, waƙa tara,
kamar in sun ƙara ƙarfi zai jiyo su ya dawo.

Wannan kuwa ba ya ihu.
Yana tafiya a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a Kejetia.
Issaka ya koyi inda ake ajiye numfashi.
Yana waƙar kuɗin haya,
da 'yarsa mai haƙori biyu,
da wata lambar waya da ta daina shiga.
Ba zan yi ƙarya ba, sun iya.
Iyawar ce ma ta ɗan tsaya mini a wuya.

A ta biyar suka sa ruwan sama.
Na yi dariya ni kaɗai.
Ruwan saye ne, Issaka!
Bai taɓa dukan kwano ba,
bai san warin kwatarmu ba,
bai taɓa sa Lariba ta ɗaga ganga bisa kai tana zagi ba.

Sai ta bakwai.
Can ƙasa, ƙarƙashin komai,
wani ɗan gurnani siriri, zzzz,
kamar ƙudan zuma a cikin kwalba.
Na mayar baya. Na sake mayarwa.
Na san shi kamar yadda na san tarin mahaifina.
Ciwon lasifikata ne,
wanda na yi wata uku ina nema ban gano ba.
Ashe sun ɗora ta a motar Akkara,
sun biya mata kujera,
sun shigar da ita ɗakin soso da ƙurarta.

Mai rediyo ya dawo, na ce gobe.
Ya ce jiya ma gobe na ce.

Na rubuta wa yaron abubuwa da yawa, na goge.
Daga ƙarshe na ce:
Ya yi kyau. Amma a ta bakwai akwai waya da ta kwance,
kawo in duba.

Sai bayan isha'i ya amsa.
Baba, ya ce,
kada ka kuskura ka taɓa ta.