Taka, Riƙe, Saki

Wata bakwai tana kunne,
'yar fitila ruwan ɗorawa mai haruffa uku.
Na yanko baƙin salatif na rufe mata ido,
na ce, mota na tafiya, ke wa ya aike ki?

Sai ran Talata, mun wuce Bara, ruwa na tsugawa,
wata saniya ta tsaya tsakiyar kwalta tana tunaninta.
Na take birki har ƙasa.
Tayu huɗu suka sandare,
sitiyari ya koma faifai a hannuna,
motar ta sulale, ta juya, ta dubi Bauchi da muka baro.
Wake buhu biyu a baya,
surukina Gidado a gefe, ya rungume hularsa yana salati.
Saniyar ko kai ba ta ɗaga ba.

Washegari, garejin Lamela, bayan Tashar Dukku.
Ya ɓamɓare salatif ɗin da farce,
ya manna mini a bayan hannu, bai ce uffan ba.
Ya jona na'urarsa ƙarƙashin sitiyari,
ya daɗe yana karatu kamar mai duba takardar gado.
"Ba taya ba ce, ba waya ba ce.
Ƙwaƙwalwar birki ce ta sha ruwa.
Wa ke wanke maka inji?"
Na ce yaran unguwa, da tiyo.
Ya ce, "To, yau ne za ka biya kuɗin wankin."

Okwudili ya zaro ta daga ƙasan kanta,
'yar Kwatano, ba ta kai sinƙin burodi ba,
da rubutun fenti a jikinta wanda shi ma bai iya karantawa.
Kuɗinta ya cinye waken jiya, ya lashe na mako mai zuwa.
Na yi tayi, ya rantse, na fita, na dawo.

Bututu shida Lamela ya kwance, siraran ƙafafun fara,
ya toshe bakin kowanne da leda.
Man birki ya ɗiga a fenti, ya yi maza ya goge da rigarsa.
Ya ce daga ƙasar da ruwa ke daskarewa a kan hanya ta zo,
har yanzu lambar tsohuwar motarta take riƙe da ita,
sai an koya mata sunan tawa.
Na tsaya ina kallon baƙuwa
wadda ban san yadda motarta ta ƙare ba,
ban kuma tambaya ba.

Sai fitar da iska.
Ni a kujera, yaronsa Bappa a ƙasa da gora da sifana.
"Taka! Taka! Riƙe!"
Na riƙe.
"Saki!"
Taya ta baya, taya ta gaba,
har cinyata ta fara rawa,
har aka kira La'asar, kumfa bai ƙare ba.
Wata bakwai na shiru, ashe duk yana cikin bututu.

Da yamma muka hau wata hanyar tsakuwa wajen gari.
Ya ce in ba ta wuta, sannan in take kamar na ga saniyar.
Na take.
Abu ya kama ɓari a tafin ƙafata, gir-gir-gir,
na tsorata zan ɗaga.
"Kar ka ɗaga! Aikinta take!
Kamawa take tana saki, kafin ka ƙifta ta yi goma."
Motar ta tsaya a miƙe, hancinta na kallon inda na nufa.

Yanzu kullum da asuba in na murɗa makulli
fitilar kan kawo, ta dube ni,
in ƙirga ɗaya, biyu, uku,
ta mutu.
Ba na sa giya sai mun gaisa.

Gidado dai har yau motar haya yake bi.
Ya ce ƙwaƙwalwa ɗaya aka canja.