Daren da Inji Ya Mutu

Ni aka ɗauka in kawo ƙara.
Dubu goma sha biyu, rabi a hannu.
Na ɗora lasifika biyu a kura
daga Tudun Wada har Ƙofar Kibo,
ga inji, ga waya, ga galan ɗin mai.

Ba taron manya ba ne.
Filin firamare ne, da bencin aro,
tabarma kowa ya zo da tasa.
Kuɗin ma karo-karo aka yi:
mahauta, maƙera, matan adashe,
da wani tela da ya ce ba shi da ko sisi
amma ya ɗinke wa makaɗa huluna.

Ana idar da isha'i na ja igiya.
Inji ya yi tari sau uku,
ya saki hayaƙi, ya ce ga garinku.
Na ja, na ja, har kafaɗa ta yi tsami,
na hura fulogi, na zage shi a zuci,
yara na dariya a bayana.

Sai Cindo mai garaya,
tsoho da haƙori huɗu da rawani ɗaya,
ya ce, "Yaro, bar shi ya huta.
Kunne ba ya shan fetur.
Jama'a, ku matso."

Aka matso.
Gwiwa ta taɓa gwiwa,
mai gyaɗa ta sauke farantinta,
har mai tari ya haɗiye tarinsa.

Shekara tara ina murɗa maɓalli,
ban taɓa jin farce yana taɓa tsirkiya ba.
Daren nan na ji.
Na ji numfashin Jauro kafin sarewa ta yi kuka,
shi da ya baro shanu a bakin Kubanni
da raɓar ciyawa a ƙafar wandonsa.
Na ji awarwaron Ladidi da ƙannenta
yana riga shantu sauka a cinya.
Kalangun Barau ya kira wani mahauci da sunan kakansa,
mutumin ya miƙe tsaye
ya rasa abin yi da hannuwansa,
ya cire hula, ya mayar.

Dundufar maƙera ba ta nemi izini ba.
Ta ƙasa ta zo, ta benci,
ta shiga min ƙirji ta zauna.

Ana tsakiyar kiɗan mafarauta
tsirkiyar Cindo ta tsinke.
Ba wanda ya tashi.
Ya ce, "Ina mai lasifika? Zo da fitila."
Na durƙusa da tocilar waya
ina haska yatsun da suka fi ni shekaru,
suna ƙulli, suna ja, suna saurare.
Ya ɗana, ya kai kunne, ya girgiza kai,
ya sake ja kaɗan.
"Ka ji?" in ji shi.
Na ce na ji, alhali ban ji ba.
Ya sake ɗanawa. Sai na ji.

Iyakar aikina ke nan a daren.

Da aka watse, ma'aji ya miƙo min ciko,
dubu shida a ƙulle da kyauro.
Kunya ta hana ni sa su aljihu.
Na bi Cindo zan liƙa masa,
ya ce, "Sayi fulogi.
Baɗi ma ka zo da injinka,
in ya mutu, mun gode masa."

Na turo kura ta cikin gari,
galan cike yadda na kawo shi,
lasifika biyu sun haɗa kai sun yi shiru
kamar yaran da aka yi wa faɗa.
Wajen Ƙofar Doka na kama kaina
ina buga kiɗan garaya
da farce a kan ƙarfen kura,
a hankali, don kada in tashi gari.