Ma'ajin Daren Laraba

Ni tela ne a bakin Kasuwar Dole,
kekena ya girmi ɗana na fari.
Laminu ake ce mini. A da ke nan.

Bara, bayan ƙaramar salla, aiki ya yi sanyi,
wani yaro mai kyamara a wuya ya tsaya a rumfata,
ya ce, "Baba, girarka muke so."
Kwana uku, jaka goma sha biyar, da shinkafar rana.
Aikina in buɗe akwatin kuɗin marayu,
in duba hagu, in duba dama,
in cusa a aljihu.
Takardar siminti ce aka yayyanka,
jaka guda ta gaskiya a sama,
ita ma an karɓe ta kafin in sa takalmi.

Yanzu kowace Laraba, in ba a ɗauke wuta ba,
Birni da Zango da Garin Malam na bisa tabarma
suna kallona ina sata.
Sau tara na saci kuɗin nan,
don sukan maimaita kafin talla.

Hajiya Tsahara, da na ɗinka kayan aurenta da na ƴarta,
ta aiko a karɓo atamfarta,
ta ce a warware turmin a gabana, a auna.
Adashin teloli sun ce in huta bana.
Gwaggo Falmata, wadda ta yaye ni,
in na shiga gaisuwa sai ta gyara zama,
ta danne bakin zanen inda ƙullin yake.
"Na san wasa ne," in ji ta,
"amma wa ya koya maka duba hagu da dama haka?"

Shi kuwa Kiyari, mai fitowa Alhajin kirki,
mai share hawayen marayu da hannun riga,
jarirai uku sun ci sunansa a Karkada.
Mahauta na yi masa gyara da hanta.
Jiya wata ta tare shi da yaro mai zazzaɓi,
ta ce ya tofa.
Ya kuwa tofa.
Rigar share hawayen nan shadda ce, ni na ɗinka,
yau wata goma sha ɗaya.
In na kira, wayar tana caji.

Duk wannan na haɗiye.
Famfon gidan Alhajin ne ya tsaya mini a wuya.
Ya murɗa, ruwa ya kece, fari, ba yankewa.
Ƴata Barira ta kalla,
ta waiwayi jarkokinmu bakwai masu bin layi tun asuba,
ta ce, "Baba, masu kirki Allah na ba su ruwa."
Na ce mata ai ina wurin:
akwai yaro bisa soro da mazurari,
jarka biyu aka saya hannun mai garuwa,
in an ce a tsaya, a tare a roba, a mai da sama.
Ta saurara har na gama,
ta dube ni yadda ake duban ma'aji.

Shekaranjiya sun dawo. Kashi na biyu.
Wai zan tuba a gadon asibiti,
in cika da kalmar shahada, jaka ashirin.
Na ce su ba ni dare guda.

Bayan isha'i na hau duwatsun Birni.
Kowace tsakar gida da ƴar wutarta shuɗiya,
kawuna duk sun karkata gefe ɗaya
kamar gero a iskar hadari.
Wata na sama, ba mai kula shi.

Na yi lissafi da yatsu:
in na mutu ranar Laraba,
ƙila Alhamis Hajiya Tsahara ta maido atamfar.
Sai dai na san Gwaggo.
Za ta daka gumbar sadakar uku,
in na yi sallama,
ta tambaye ni wa nake nema.