Gonar da Ba a Girbe

Kakana Sanda ya bar Aboabo da asuba,
motar Mampon, buhun wake a kan cinya,
dashen tuffa biyar a leda, saiwarsu a jiƙe,
tsarabar wani direba da ya sauke kaya a Tema.

A Zango Mai-Gada ake ce masa.
Shekara talatin yana kai nama Atwemonom,
inda mata ke babbake gashi tun duhu,
ƙaurin ya bi rigarsa har sahun masallaci.
Sai shekarar da ya kwana tara a daji
ya dawo da gafiya ɗaya a jaka.
Ya zauna bakin famfo bai kwance takalmi ba,
ya ce, "Mun ci dajin nan har ƙashi."

Ya je wa Opanin Kwaten da goro da rago,
eka shida yake so, can gefen rafi.
"Me za ka noma?" in ji tsohon.
"Gada," in ji Kaka, "da mazo, in Allah ya yarda."
Tsohon ya yi dariya
har zane ya zame masa daga kafaɗa,
amma ya nuna iyaka da sandarsa.

Wake a tsakiya, rogo a gefe,
gyaɗa inda ƙasa ta yi laushi.
Ya bar ciyawa ta yi tsayi wajen kwari,
ya ce baƙo ba ya cin abinci
a gidan da babu wurin kwanciya.
Ya fafe kututture ya zuba kanwa da gishiri,
ya share hanyar wuta kafin rani,
ni kuwa aikina tsince tarkon waya
da yaran ƙauye ke ɗanawa da dare.
Talatin da biyu na kirga a wata guda.

Tuffa huɗu suka mutu kafin damina ta juyo.
Ta biyar ta yi ganye, ta ƙi fure.
Kaka ya ce, "Ƙyale ta,
sanyin garinsu take jira, ba zai zo ba."
Ya kewaye ta da yazawa da gwanda
da agwaluma, wadda nan muke kira alasa,
su ba su san kunya ba, zuba kawai suke.

Shekara biyu, babu kowa sai burgu.
A Zango aka fara cewa tsufa ne.
Inna Lantana ta ce ko akuya ya saya
da yanzu an sha romo.

A ta uku, bayan ruwan dare,
ya kira ni da hannu, ba da baki ba.
Sawu a laka, tsage biyu
kamar ƙwallon dabino,
babba a gaba, ƙarami na bin sa.
Ya durƙusa ya daɗe,
ban sani ba ko dubawa yake ko addu'a.

Daga Agusta bindiga tana rataye har Disamba.
Bayan nan ma ɗaya ne a shekara,
namiji, wanda ƙahonsa ya tsufa.
Mai ɗa a baya ta wuce lafiya.
Cinya ta Opanin, sauran na unguwa.

Yanzu gwiwa ta hana shi hawa mota,
ni nake zuwa, in dawo da labari.
Bana tuffar nan ta yi 'ya guda,
ƙarama, kore, ba ta kai lemon tsami ba.
Na yi niyyar kawo masa ranar Juma'a.
Na tarar da rabinta a ƙasa,
ɓawon itacen a goge da ƙaho.

Na faɗa masa ina sunkuyar da kai.
Ya ce, "Wa ya ci?"
Na ce, "Mazo."
Ya gyara filo, ya juya wajen bango.
"To, ai ta isa hannun mai ita."