Minti Bakwai

Sha ɗayan dare, Garwa ta sauke zafinta.
Na kashe fanka kada ta shiga murya,
na jingina waya da gwangwanin madara,
na yi sallama.
Ɗakin bai amsa ba.

Shekara sha tara ina gaban allo,
daga ƙifta ido nake gane wanda ya ɓace.
Yanzu idon guda ne, kamar ƙwayar gero,
kuma ba ya ƙiftawa.

Darasin farko awa guda na yi.
Asta mai kifi a bakin Binuwai ta aiko saƙon murya:
Malama, kin cinye mini datar mako,
ban ji inda riba take ba.

Kunya ta kama ni. Na ɗauki almakashi.
Na datse gabatarwa, na datse kirarin digirina,
na bar uwar kuɗi, na bar riba,
da tambaya guda a ƙarshe kamar ƙugiya.
Minti bakwai,
iya abin da layi zai ɗauka kafin ya yi tuntuɓe.

Jibrilla na saurare kan babur, tsakanin fasinja da fasinja.
Ladifa a Kusiri, sai jariri ya yi barci.
Wata lamba daga Mokolo ba ta taɓa cewa uffan ba,
amma tana buɗewa.

Yau da asuba hoto ya shigo:
shafin littafi, tabon man kifi a gefe,
lissafi ya tashi, saura sefa hamsin.
Ban gyara mata ba.
Na ce: Asta, ina hamsin ta shiga?

Shayina ya huce.
Waya ta nuna tana rubutu.